Ɗauka ta Goma Sha Tara

Sai dare ya raba muke farawa,
bayan motar ƙarshe ta wuce zuwa Olomouc.
Svatopluk ya kashe hita don tana gunaguni,
ya ce makirufonsa har minsharin tattabarun rufin cocin yake ji.
Mu huɗu a kan kujerun katako, safa bibbiyu,
yatsu kamar an kwana da su a cikin randa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina zama kusa da Vratislav.
Na san tarinsa tun bai taso ba,
na san ƙarar gwiwarsa in ya rungumi babban goge.
Ko matata ba ta jure ni haka ba.

Mun faro a ɗakin ƙasa na makarantar kiɗa,
bututun ruwan zafi na yi mana amshi.
A Ostrava mun yi wa mutum tara wasa,
biyu a cikinsu fakewar ruwan sama ta kawo su.
A jirgin ƙasa Vratislav ya saya wa gogensa kujera,
shi ya tsaya har Linz.
Daga baya suna ya zo, da wata tasar gilashi ta yabo.
Maɓallan riga Miluše ke zubawa a ciki yanzu.

Wanda ya rubuta kiɗan nan ya mutu tun ba a haifi kakana ba,
tari na cinsa, yana jiran wasiƙar da ba ta zo ba.
A shafi na sha huɗu ya bar kalma biyu: da bege.
Bai faɗi mudu nawa ba.
A kan wannan Miluše da Vratislav suka yi wata biyu ba gaisuwa.
Ita ta ce a ja sautin har ya tsinke,
shi ya ce kukan da ya daɗe ya zama na neman ido.
Ni kuwa mai gogen tsakiya ne,
harshe tsakanin haƙora.

Kujera ta biyu ta Květoslav ce.
Bara muka kai shi, dusar ƙanƙara har ƙauri.
Tekla ta gaje ta, yarinyar da faifanmu na farko ya girme ta,
ta gaji takardunsa da rubutun fensirinsa:
nan ka numfasa,
nan ka dubi Oldřich,
nan kada ka biye wa Miluše.
Ba ta goge ko ɗaya ba.
In ta zo wurin sai ta ɗago ta dube ni,
ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Ɗauka ta goma sha tara.
Garin ƙaro na tashi daga izga cikin hasken fitila.
Ƙaramin yatsana na hagu ya fara gardama tun kaka,
likita ya ba abin suna mai tsawo, ban gaya wa kowa ba.
Amma daidai inda tsallen yake
Vratislav ya sassauta, kamar faɗin gashi guda,
bai dube ni ba.
Na haye.

Muka kai sautin ƙarshe, tsirkiya huɗu numfashi ɗaya,
muka riƙe shi har bango ya gama mayar da shi.
Cikin shirun, kujerar Květoslav ta yi ƙara.
Tekla ta ce ba ta motsa ba.

Svatopluk ya leƙo, ya ce aikin minti biyu ne, zai yanke.
Miluše tana sassauta bakanta, ta ce ya bari.
Vratislav ya ce ya bari.
Ban tuna ranar da suka taɓa faɗin abu ɗaya ba.

Da muka fito gidan burodi ya kunna wuta.
Kafin mu kai mota sun koma shafi na sha huɗu.