Ranar Duba Baki a Olinda

Ran Talata likita ta shigo ajinmu
da ɗan madubi mai kama da cokali.
"Ciza. Buɗe. Sake cizawa."
Mu talatin da huɗu, layi har bakin taga,
iskar teku na ɗaga mata takardu.

Haƙoran Edvaldo sun yi cinkoso
kamar fasinjojin motar ƙarfe shida.
Na Jucélia sun riga leɓenta fitowa,
shi ya sa take dariya a tafin hannu.
Ni kuwa fiƙata ta haye dasashi,
ta ƙi saukowa.

Shekara uku ina tsuke baki a hoto,
na zaci ni kaɗai ce.
Ashe mu ashirin da ɗaya ne!

Ɗaurin waya sai mai hali.
Babana kifi yake sayarwa a gindin gada.
An rubuta sunana, an ce in jira.

A hanyar gida na sayi dafaffiyar masara,
na gatsa, na nuna wa Jucélia gurbin,
a karkace kamar rubutun likitar.
Ta tuntsire da dariya,
ta manta da hannunta.