Daƙiƙa Arba'in da Bakwai

Ciwon da ke zuwa da asuba
ba a neman sa da hantsi.
Shi ya sa Don Eleuterio ya ce wa Herlinda
ta bar Bosuwajarta ta kwana a garejinmu,
ta bi bas da kwandunan furanninta.

Muka yi sammako.
Cholula na ƙudundune cikin sanyi,
dutsen Popo na fesa hayaƙinsa can sama
kamar tsohon da bai gama farkawa ba.
Ban taɓa komai ba, haka ya umarta.
Injin da ya ɗumama, in ji shi,
maƙaryaci ne, ya iya gaishe da baƙo.

Ya ɗaga murfin baya.
Babu lagireto a nan, babu ɗigon ruwa,
sai fanka da haƙarƙarin ƙarfe,
iska yake sha tun ranar da aka ƙera shi.
Ya zaro gejin mai, ya murza tsakanin yatsu,
ya sansana, ya yamutsa fuska:
kauri kamar zumar da ta kwana a waje.

“Murɗa, Nicanor. Kada ka taka totur.”

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas,
kamar tela na gaggawar ɗinkin biki.
Ni har na fara lissafin sauke inji,
na hango karanshaf a ƙasa, aikin mako biyu,
na hango sabon takalmi a ƙafata.

Shi kuwa kunnensa na hagu ya daɗe da ritaya.
Dogon sukuddireba ya ɗauko,
ya ɗora bakin a kan murfin bawul,
ƙotar ya manna a ƙashin muƙamuƙinsa,
ya lumshe ido, leɓɓansa na ƙirga.
Ya koma ɗaya gefen. Ya dawo.

“Da mital ne, da a cikinka za ka ji shi,
dum, dum, kamar daka a gidan maƙwabta,
kuma ba ya jin lallashi.
Da salansa ce ta ɓalle,
da ka ga baƙin tabo a bakin gasket,
ita tofi take yi, ba ta ƙwanƙwasa.
Wannan kuwa, kasa kunne:
inji ya juya biyu, shi ya buga ɗaya.
Tafet ne. Hagu, silinda ta uku.”

Ƙas-ƙas... ƙas...
ƙas.
Sai ɗif.
Gurnanin nan mai laushi kaɗai ya rage.
“Arba'in da bakwai,” ya ce, ya buɗe ido.

Ɗan ƙoƙo ne, bai fi babban yatsa ba,
cikinsa mai, mai ne matashinsa.
Dare guda sifirin na danne shi,
yana tsiyaya a hankali har ya ƙafe,
ya wayi gari da ƙishi,
yana tafa hannu har famfo ya iso gare shi.
Ga kuma filtar araha da wani ya ɗaura,
marar ƙyauren da ke hana mai komawa ƙasa.
Takalmina ya tafi ke nan.

Herlinda ta iso, hannunta na ƙanshin ganye.
Ya ce: mai marar kauri, filta ta gaskiya.
In ya wuce minti ɗaya,
ko ya ƙi yin shiru bayan ya ɗumama,
ranar nan sai mu buɗe.

Ta shafa rufin motar.
“Shekara tara, da wannan ƙarar
nake sanin Fidencio ya kama hanyar kasuwa,
ina kwance, ban ko buɗe ido ba.
Yanzu ni ke murɗa makullin.
Zai daina gaba ɗaya?”

“Zai ragu.”

“To, a bar mini kaɗan.”

Bai amsa ba. Ya dafa bamba ya miƙe,
gwiwoyinsa suka ce ƙas, ƙas,
ya ɗingisa ya nufi kantar sifanu.
Na ƙirga masa a zuci.
Kafin ashirin ya miƙe sarai.