Rabin Bota

Shekara arba'in Gwaggo Tasalla
tana tsoma alkaki a zuma a Gwammaja.
Duk garar da ta fita daga layinmu
da shatin yatsunta a jikin dubulan.
Sai ga likita, yaro sa'an autanta,
ya dubi takarda, ya dube ta,
ya ce a rage maiƙo, a rage zaƙi.
Ta ce, "To a rage ni mana, kowa ya huta."

Ranar Asabar na shiga Singa,
na kutsa tsakanin 'yan dako da masu kura,
na sayo gwangwanin ots da baƙin cakulan mai ɗaci-ɗaci.
Zabibi da dabino kuwa sai Kasuwar Rimi.

Bota, rabin abin da aka saba.
Gurbin sauran, ayaba biyu da suka nuna har suka yi baƙi,
waɗanda Nafi'u ya so jefa wa akuya.
Sukari cokali uku, na tsaya da ƙyar,
hannun gidanmu bai san tsayawa a uku ba.
Ƙwai ɗaya. Kirfa kaɗan.
Na daddatsa cakulan da wuƙar albasa,
sau biyu na wanke ta, wallahi.

Ina kunna obin aka ɗauke wuta.
Na juye yashi a tsohuwar tukunyarta,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.
Zubin farko ya ƙone ta gindi.
Na biyu ya baje kamar gurasar da ta yi fushi.
Na uku ya tsaya,
gefe ja, tsakiya da taushi,
ƙamshi ya haura katanga
har Uwani ta leƙo tana tambaya ko suna ake.

Na kai mata bayan la'asar.
Ta juya ɗaya, ta shinshina,
ta gutsura da haƙoran gefe.
Ta daɗe tana tauna.
"Wannan ai dusa ce aka yi wa kwalliya.
A zamaninmu, wadda ta kai wannan gara
sai an shekara ana yi da ita a unguwa."
Ta ture farantin da bayan hannu,
ta ja carbinta.

Na zuba sauran a gwangwanin madara,
ashirin da huɗu, na ƙirga,
na ɗora a saman firji,
na kwanta da haushina.

Da asuba sha tara na tarar.
Nafi'u ya rantse, kuma tsawonsa bai kai can ba.
Kujerar tsakar gida tana jikin firji,
ba nan na bar ta ba.

Na shiga gaishe ta, tana kan darduma,
ɓurɓushi a bakin hijabi,
zabibi guda ya faɗi kan tabarma,
tururuwa sun fara shawara a kansa.

"Kin tashi lafiya, Gwaggo?"
"Lafiya lau."
Shiru.
Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"In za ki sake wannan dusar taki,
ki fara jiƙa zabibin a ruwan ɗumi.
Kuma ki rage wutar ƙasa.
Tukunyar nan tawa ce, na san halinta."