Giram Bakwai a Ƙafar Hagu

A bayan garin Mowab, inda jan dutse ke kwance
kamar raƙumin da ya ƙi tashi,
mahaifina Orval ya durƙusa da gwiwa ɗaya,
ɗayar ta daina jin maganarsa tun bara.
Motarsa ba ta fi takalminsa tsawo ba.
Sau huɗu ta kama hawa,
sau huɗu ta ɗaga hanci kamar mai roƙon ruwa,
ta wuntsila, tim,
tayoyi na juyi a iska, baya a ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya yana jan motocin ma'adinai,
masu tayar da ta fi ƙofar gidanmu tsayi.
Yau rimot ne a hannunsa, hannun kuwa na rawa.
Na ce, "Baba, ƙara mata wuta mana."
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Ba ƙarfi ta rasa ba, Lorna.
Kai ya yi mata yawa, ƙafa ba komai.
Kuma ki daina ce wa abin nan wasa."

Da dare, a gareji,
ya sauko da sikelin da Mama ke auna fulawa,
gari na nan maƙale a bakinsa, ba mu taɓa gogewa ba.
Ya kwance ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
ya zare soso daga cikin taya,
ya naɗa wayar dalma a wuyan wili, zagaye tara,
ya ɗaure da baƙin tef.
Zoben tagulla biyu suka shiga ƙafafun gaba.
"Sittin gaba, arba'in baya," in ji shi,
ba da ni yake ba, da sikeli yake.
"Nauyin da ke bisa kaya ne.
Na ƙasa kuwa, shi ke riƙe mutum idan tudu ya ƙi sa."

Maƙwabcinmu Ignacio ya leƙo da kofi a hannu.
"Zuba mata duka, tsoho! Dalma ba ta tsada."
Shi haka ya yi wa tasa ran Lahadi,
ya cika ta har tana nishi,
a tsakiyar hawa sandar taya ta ce ƙaras.
Ya tsince ta gunduwa-gunduwa cikin hularsa.
Baba bai tanka ba, nima na haɗiye dariyata.
Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai lissafi ya ƙi.
Ta hagu ta gaza ta dama da giram bakwai,
wayar kuma ta ƙare.
Ya zazzage aljihun tebur, ya buɗe gwangwanin maɓallai,
can ƙasa, ga 'yan dalma biyu,
irin waɗanda Mama ke ɗinkewa a gindin labule
don kada iska ta riƙa ɗaga mana shi.
Ya ɗora su. Bakwai cif.
Ya daɗe yana kallon lambar.
Na fita, wai zan duba ko na kashe murhu,
na bar shi da sikelinsa.

Da safe dutsen na da sanyi.
Motar ta matso sannu, kamar kyanwa a kan katanga.
Tayar hagu ta lallaɓa, ta lotsa, ta kama.
Ta dama ta yi lilo, ta yi lilo,
na riƙe numfashina,
sai ta sauko, ɗas, ta ciji dutse.
Taku, taku, ciki na gogar tsakuwa,
ga ta a bisa.

Ignacio ya yi ihu har kofi ya zube masa a wando.
Baba bai ɗaga kai ba.
Ya juyo da ita gangara,
nan take ta kifa ta goshi, ta gangaro gabanmu.
Ya yi dariyar da na manta yana da ita,
ya miƙo mini hannu in tashe shi.
"Saukar kuma wani lissafin ne," ya ce.
"Gobe ki zo da wuri. Tabarau na sun daina ganin ƙusa."