Bindigar Ilta

Likita a Marquette ya ce kafaɗata ta gama aikinta,
ba za ta ƙara shan naushin babbar bindiga ba.
Na miƙa wa surukina Duane ita, ina kallon bango.
Sai na sauko da ta Ilta daga saman kabad,
'yar siririya, bakinta bai kai kaurin fensir ba.
Shekara shida ba hannun da ya taɓa ta,
tun ranar da muka kwantar da mai ita a bayan coci.

Duane ya ce, "Reino, ai wannan ta harbin dila ce."
Na ce komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.
Na faɗa ne kawai. Ni ma ban gama yarda ba.

Duk watan Satumba ina ɗakin ƙasa,
fitila ɗaya, tabarau a kan hanci,
kwanson tagulla jere kamar yara a aji.
Albarushi nake aunawa ƙwaya-ƙwaya,
ina riƙe numfashi kada ma'auni ya yi mini ƙarya.
Littafinta na buɗe a gefe, duk rubutun fensir.
A wani shafi ta ja layi biyu: iyaka ke nan, kada ka wuce.
Ta san wanda ta aura.

Na jiƙa jaridun bara, na danƙara su a kwali,
na kai bayan rumbu, na auna taki ɗari.
Harsashi mara nauyi ya fi kowa sauri,
amma bai shiga taƙi ɗaya ba ya watse kamar garin gishiri.
Na biyu ya ratsa ya fita, ko buɗe baki bai yi ba.
Na uku, mai nauyi, mai rigar jan ƙarfe,
ya shiga tsawon kamu, ya buɗe kamar lema,
na tono shi da wuƙa, jikinsa bai rabu ba.

Na san abin da na farkon ke yi.
Ina ɗan talatin na saka irinsa a kafaɗar wata barewa,
na bi jininta a dusar ƙanƙara har dare,
ɗigo nan, ɗigo can, har bakin fadama, sannan babu.
Hankaki ne suka gano mini ita bayan kwana huɗu.
Ilta ba ta ce komai ba,
ta dai ajiye mini tuwon dankali ya huce.

Nuwamba. Asuba. Yatsuna sun zama itace.
Namiji ya fito, ƙahonsa rassa takwas,
ya tsaya nesa, ya ba ni ƙirji, yana shinshina iska.
Da babbar bindiga ce, da tuni an gama.
Wannan kuwa ba ta yafe ganganci,
sai haƙarƙari a sarari, sai kusa.
Na kalle shi har ya gaji da tsayuwa,
ya kaɗa farar wutsiya ya tafi da abinsa.
Ban gaya wa Duane ba.

Rana ta uku wata mace ta zo, taki saba'in,
ta juya mini gefe tana cin toho.
Bayan kafaɗa, ƙasa kaɗan.
Ƙarar ba ta fi tafi ba, kafaɗata ko gezau.
Ta ruga taki ashirin ta kwanta,
kafin in isa idonta ya riga ya tsaya.

Na cire hula, sanyi ya ciji kunnena.
Da nake fiɗa, na ji ƙullutu a ƙarƙashin fata ta ɗaya gefen,
ɗan lema, da sauran ɗumi.
Na wanke shi a famfon kicin,
na jefa shi cikin gwangwanin maɓallanta.
Akwai goma sha ɗaya irinsa a ciki.
Ban taɓa sanin tana ajiye su ba.