Saboda Batir

Ƙarfe biyar na asuba nake buɗe tasha.
Ɗaki ne guda a bayan cocin Katolika,
an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai
don kada muryata ta dawo ta mare ni.
Sunana Saturnino Callisaya. Ni ba Fada ba ne.
Fada Anselmo shi kaɗai ne ga ƙauyuka arba'in,
motarsa kuma ta fi shi gajiya,
shi ya sa ya ce mini: kai, je ka hau iska,
iska ba ta yin faci.

To, ina hawa.
Da harshen Aimara nake gaida tsaunukan Bolibiya,
in karanta Bishara,
in ja carbi da mutanen da ban taɓa gani ba,
in faɗi ranar baftisma,
in yi cigiyar lama biyu da suka ɓata,
raƙuman tsauni marasa tozo.
Wani lokaci nakan tsaya in dubi makirufo
in ce a raina: anya akwai kowa a can?
Ko da sanyi kaɗai nake magana?

Wata Talata aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Tsohuwa ce, malfa a ka, bargo a kafaɗa,
takalmin taya ya cinye mata dunduniya.
Fortunata Apaza, daga bayan tafkin gishiri:
kwana biyu a ƙafa, rabin yini a bayan motar dankali.
Ta dire rediyonta a kan teburina,
an ɗaure shi da zaren ulu kamar mai karaya.
Ta ce: Kai ne mai magana a ciki?
Na zaci ka fi haka girma.

Ta ce: Ran Lahadi ka ɗauko labarin yaron nan
da ya karɓi rabonsa ya bar gida.
Na bi shi har inda kuɗi suka ƙare,
har inda ya tsuguna yana kallon abincin aladu,
sai batir ya mutu.
Na shanya shi a rana, na cije shi, na sa shi a hammata.
Shiru.
Maƙwabcina mafi kusa tafiyar awa uku ne, kuma kurma ne.
To, faɗa mini, ya dawo?

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.
Ba haka ba. Kunna abin.

Ba lokacin shiri ba ne,
man janareta kuma a ƙididdige yake,
amma na ja igiya, jar fitila ta kama.
Na ce ya dawo.
Na ce uban ya hango shi tun daga nesa,
ya manta da shekarunsa ya ruga a guje,
bai ma bar shi ya gama ba da haƙuri ba.

Ta jawo kujera. Ta kama makirufo kamar ludayi.
Ta ce: Eleuterio,
ko kana ramin ma'adinai, ko kana birni kana ɗinki,
ka dai ji.
Ni ba zan iya gudu ba, gwiwa ta ƙi.
Amma ƙofarmu ba ta da sakata, ka sani.
Lamar nan mai farin kunne
ta haihu sau huɗu tun tafiyarka.
Sai ta yi shiru.
Iska ta ɗauki shirun ma
ta kai shi duk inda eriya ke kaiwa.

Ta biya ni da ƙunshin busasshen dankali,
na ba ta batir huɗu daga aljihun teburin Fada.
Zan gaya masa ranar furta zunubi.

Ban san ko Eleuterio yana da rediyo ba.
Ban ji labarin komawarsa ba, ba kuma zan ƙaga ba.
Abin da na sani,
yanzu in na ɗauko labari da asuba
ƙarshensa nake fara faɗa,
saboda batir.