Taya Huɗu a Kan Kwano

A Maigatari, inda aka binne cibiyata,
hadari baƙo ne da ake yi wa shimfiɗa.
Maza kan juya riga baibai su fita roƙonsa,
in ya leƙo daga gabas, tsofaffi su yi tsit
kada surutu ya kore shi.
Soron babanmu ƙasa ce da azara,
ruwa kan taka shi kamar tafiyar kyanwa.

Sai takardar canjin makaranta ta kawo ni Kaduna,
ciki da falo a Rafin Guza,
ni da Hanne, da katifa, da tukwane uku.
Ranar da muka sauka na hango rufin:
tsofaffin tayoyi huɗu da bulo biyu.
Na tambayi mai gidan, Alhaji Ɗan'azumi.
Ya ce, "Malama, bari watan huɗu ya kama,
da bakinsu za su yi miki bayani."

Ya kama.
Wata Talata, la'asar sakaliya,
zafi ya tsaya cak, ganye ya ƙi motsi,
gabas ta haɗe rai har kaji suka shige akurki.
Aka ɗauke wuta.
Sai iska.
Ba irin guguwarmu ba, 'yar siririya
mai rawa da leda a bakin kasuwa
yara na bin ta da jifa.
Wannan da murya ta zo,
kamar jirgin ƙasa ya saki hanyar Rigasa
ya biyo ta layinmu.
Kwano ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga,
ƙirjin majinyaci mai neman numfashi.
Na ji ƙusoshi suna kuka ɗaya bayan ɗaya.
Na tura Hanne ƙarƙashin tebur,
na rufe ta da jikina,
duk surar da na ɗauko sai ta karye a tsakiya.

Da safe rufin shagon Tanimu kafinta
yana rataye a mangwaron gidan bayanmu
kamar zanen da aka manta a shanya.
Tanimu ya dube shi, ya sosa ƙeya,
ya ce a ara masa tsani.

Tun ranar nake karatun sama.
Ina tsaka da lissafi, alli a hannu,
idona na bakin taga.
Babbar mota ta wuce, cikina ya ɗuri ruwa.
Na san kowace ƙusa ta ɗakina,
na san wadda ta fara girgiɗi.

Maman Kuyet, da muke raba katanga,
ita hadari bokiti yake tuna mata.
Tana jera su a bakin indararo tana dariya.
"Shekarata ashirin da shida a layin nan,
sau biyu ya ɗauke mini rufi,
sau biyu na mayar.
Ki buɗe taga kaɗan, ta shiga ta fita,
ba ta son a nuna mata ƙyama."

Jiya Inna ta kira daga gida.
Har yanzu iri na cikin ƙwarya,
sun fita roƙo sau biyu, sama ta yi fari fat.
Ta ce, "An ce ku kam kuna sha. Ku turo mana."
Na ce to.
Na kasa gaya mata bakin da ta koya wa roƙo
yanzu cikin dare yake raɗa:
a gefenmu, ya Allah, ba a kanmu ba.

Yau na sayi taya ta biyar wajen mai faci,
Tanimu ya hau ya ɗora.
Gabas ta fara haɗa gira.
Hanne ta ɗauki ƙaramin bokitinta
ta tsaya a ƙofa tana kallona.
Hannuna yana rawa.
Na zare sakatar taga
faɗin yatsa biyu.